Wace tambaya ake amsawa idan za a zaɓi gwarzon ƙwallon kwando?

Ranar 2 ga Mayu, 2023, hukumar gasar NBA ta Amurka ta sanar da cewa Joel Embiid, haifaffen Yawunde, shi ne gwarzon ɗan wasa na kakar 2022–23, kyautar da ake kira MVP. Mutum 100 ne suka kaɗa ƙuri'a: 73 suka sa Embiid a gaba, 15 suka zaɓi Nikola Jokic ɗan Sabiya, 12 suka zaɓi Giannis Antetokounmpo. Ba a taɓa samun ɗan Kamaru da ya kai wannan matsayi ba, don haka daga Ngaundare zuwa Garwa, Marwa har Kuseri, ko wanda bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba ya ji wani abu a ransa. Yaron da bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 15, wanda ɗan wasan NBA ɗan Kamaru Luc Mbah a Moute ya gano a wani sansanin horo, wanda ciwon ƙafa ya hana shi taka fili a shekaru biyun farko bayan Philadelphia ta ɗauke shi a 2014, shi ne a ranar ya hau saman kowa.

Ba a yi mako biyu ba Boston ta fitar da Philadelphia a wasa na bakwai na zagaye na biyu. A watan Yuni kuma Jokic ya ɗaga kofi tare da Denver, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe. Nan gardama ta barke, kuma har yau ba ta lafa ba a wajen masu shayi da gidajen kallo. Wani ya ce an yi wa Jokic ƙwace. Wani ya ce ai Embiid ne aka yi wa ƙwace a 2022, aka biya shi bashi. Na uku ya ce dukansu biyu ba su kai Giannis ba, tunda ƙungiyarsa Milwaukee ce ta fi kowa cin wasanni a kakar, 58 cikin 82.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, dukansu uku ba ƙarya suke yi ba. Kowa na amsa tambaya daban ne. Kuma laifin ba nasu ba ne, domin tun da aka fara bayar da kyautar a kakar 1955–56, lokacin da Bob Pettit ya fara ɗauka, NBA ba ta taɓa rubuta wa masu ƙuri'a ma'aunin da za su bi ba. Ana miƙa musu takarda, a ce su jera mutum biyar. Na farko maki 10, na biyu 7, na uku 5, na huɗu 3, na biyar 1, sai a tara. Shi ke nan. A ganina tushen matsalar ke nan, kuma duk wata gasa ta ƙwararru, ta Amurka ce ko ta Turai ko tamu ta Afirka, da nan ya kamata ta fara gyara: ta rubuta tambayar kafin ta nemi amsa.

Rikicin ya girmi duk wanda ke karanta wannan. A kakar 1961–62 Wilt Chamberlain yana zura maki 50.4 a kowane wasa, kuma a ranar 2 ga Maris, 1962, ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda. A kakar nan dai Oscar Robertson ya kammala da fiye da goma-goma-goma, wato a matsakaicin kowane wasa ya haura goma a maki, ya haura goma a cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, ya haura goma a miƙa ƙwallon da aka ci. Amma kyautar ta tafi hannun Bill Russell na Boston, mai maki 18.9 kacal. A wancan zamani 'yan wasa ne ke zaɓe, kuma su ne suka san abin da ake gani idan aka tunkari kwandon da Russell ke tsare. Boston ta ci wasanni 60. Sai dai kuma 'yan jarida, da suka zo zaɓen zaratan 'yan wasa biyar na kakar, Chamberlain suka sa a gurbin ɗan tsakiya, suka tura Russell sahu na biyu. Kaka ɗaya, gurbi ɗaya, amsa biyu. Daga kakar 1980–81 aka karɓe ƙuri'ar daga hannun 'yan wasa aka damƙa wa marubuta da masu sharhin wasanni, kuma a hannunsu take har yanzu.

In ka bi tarihin zaɓen daga nan, za ka ga ma'aunin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, ba tare da kowa ya sanar ba. Wata shekara a ce gwarzo shi ne babban ɗan wasan ƙungiyar da ta fi cin wasa. Da wannan aka ba Derrick Rose a 2011, yana ɗan shekara 22, mafi ƙuruciya a tarihin kyautar, saboda Chicago ta ci 62. Rose ya yi wasa mai ban sha'awa, babu musu. To amma abin da ya ɗaga Chicago a kakar shi ne tsaron gida, wanda babu kamarsa a gasar, aikin koci Tom Thibodeau da 'yan wasan da ba a cika ambaton sunansu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. LeBron James, wanda ya ɗauka a 2009 da 2010, ya kuma sake ɗauka a 2012 da 2013, a shekarar ya zo na uku, kuma kowa ya san haushin yadda ya bar Cleveland ya koma Miami bai gushe daga zukatan mutane ba.

Wata shekarar kuma a ajiye maganar cin wasa, a kama alƙaluma. A 2017 Russell Westbrook ya maimaita abin da Robertson ya yi: maki 31.6, cafka 10.7, miƙawa 10.4. Ƙungiyarsa Oklahoma City ta ci 47, ta zo ta shida a shiyyar yamma, ƙasa da Houston ta James Harden mai 55 da San Antonio ta Kawhi Leonard mai 61. An ba shi, har da la'akari da cewa babban abokin wasansa Kevin Durant ya bar shi a daminar da ta gabata. Ga inda abin yake da ɗaure kai: Westbrook ya sake yin goma-goma-goma a 2018, ya yi a 2019, ya yi a 2021, babu wadda ta kai shi ko kusa da kyautar. Jokic ya yi nasa a kakar 2024–25, da maki 29.6, cafka 12.7, miƙawa 10.2, aka ba Shai Gilgeous-Alexander wanda ƙungiyarsa ta ci 68. Ba ina cewa an zalunci Jokic a 2025 ba, domin Shai ya cancanta. Ina cewa abin da aka saka wa Westbrook a 2017 sabunta ce da mamaki, kuma mamaki ba ya daɗewa.

Ga tambayar da nake ganin ya dace a buga a saman kowace takardar ƙuri'a: a cikin wasannin wannan kaka kaɗai, wane ɗan wasa ne aikinsa, a hari da tsaro, ya ƙara wa ƙungiyarsa nasarori mafi yawa a kan abin da za ta samu in an sa wani matsakaicin ɗan wasa a gurbinsa?

Wannan tambaya ba ta watsar da cin wasa ba, tunda nasara ce ake ƙirgawa. Amma ta raba abin da mutum ya kawo da abin da ya tarar. Manomin da ke da fadama a bakin Binuwai da wanda ke noma tsakanin duwatsun Mandara, in ka auna ƙwazonsu da yawan buhunan da kowa ya ɗaure kawai, ƙasa ka auna, ba manomi ba. Haka ɗan wasan da ke tsakiyar taurari uku yake in aka kwatanta shi da wanda ke ɗauke da ƙungiya a wuyansa. A kakar 2021–22 Denver ta rasa Jamal Murray gaba ɗaya, Michael Porter kuma wasa tara kawai ya buga. Duk da haka ta ci 48, Jokic ya zama mutum na farko da ya haɗa maki 2,000, cafka 1,000 da miƙawa 500 a kaka guda. A shekarar Embiid ya fi kowa zura maki, 30.6, ɗan tsakiya na farko da ya yi haka tun Shaquille O'Neal a 2000. Zuciyata tana wajen Embiid, amma da tambayar da na kawo, zaɓen Jokic a 2022 yana da hujja mai ƙarfi. Hasali ma 'yan wasa sun taɓa wuce nan: a 1976 sun ba Kareem Abdul-Jabbar alhali Los Angeles Lakers ta ci 40 ta sha kashi 42, ko zagayen fitar da gwani ba ta shiga ba. Wannan kam ya yi nisa, domin in duk nauyin da mutum ya ɗauka bai kai ƙungiyar ko rabin hanya ba, da wuya a ce shi ya fi kowa ƙara nasara. Amma ya nuna cewa matsayin ƙungiya shaida ce, ba hukunci ba.

Yawan maki shi ne ya fi rudin mai kallo, musamman irinmu. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a Garwa ko Injamena tsakar dare ne ko ɗaya na dare. Na yammacin ƙasar kuwa sai wajen uku ko huɗu, dab da asuba. Mai sana'a ko ɗalibi ba zai iya wannan kullum ba, don haka mafi yawanmu gutsattsarin bidiyo muke gani da safe a Facebook ko YouTube. Gutsuren bidiyo yana nuna wanda ya danna ƙwallo cikin kwando da wanda ya ci daga nesa. Ba ya nuna ɗan tsakiyar da tsayuwarsa kawai ta sa abokin hamayya ya fasa shiga, ko wanda ya tare hanya har ɗan uwansa ya samu sarari, ko wanda ya ja mutum biyu ya saki ƙwallon a kan lokaci. Mu masu bin ƙwallon ƙafa mun san wannan bambanci. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a nan gida Kamaru a farkon 2022, wadda filin Roumdé Adjia na Garwa ya karɓi wasu daga cikin wasanninta, Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport, ya ci ƙwallo 8 ya ɗauki takalmin zinare, Sadio Mané kuma ya zama gwarzon gasar. Kyauta biyu, ma'auni biyu. NBA ma tana da kambin wanda ya fi zura maki, ba sai an maida MVP kambi na biyu na abu ɗaya ba.

To yaya za a auna abin da ido ba ya kamawa? A nan lissafin zamani ke da amfani. Mafi sauƙin fahimta shi ne a duba bambancin makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a kowane hari 100 lokacin da ɗan wasan ke cikin fili, a kwatanta da lokacin da yake benci. Akwai kuma auna ingancin jifa, domin mai maki 30 da jifa 20 ba ɗaya yake da mai maki 30 da jifa 28 ba, na biyun ya ƙona wa ƙungiyarsa dama takwas. Daga waɗannan ne masana suka gina ma'aunai masu zurfi da ke ƙoƙarin cire tasirin abokan wasa da na abokan hamayya. Ya kamata a ba kowane mai ƙuri'a waɗannan alƙaluma, iri ɗaya, daga hukumar gasa. Amma kada a miƙa wa kwamfuta hukuncin. Bambancin fili da benci yana kumbura idan wanda ke canjin ɗan wasan rago ne, ka ga raunin wani ya zama ƙarfin wani. Kuma har yanzu lissafi ya fi gwanancewa wajen auna hari fiye da tsaro. Ka tuna ma sai a kakar 1973–74 NBA ta fara rubuta tare jifa da ƙwace ƙwallo, wato babban aikin Russell ba ya cikin kowane littafi.

A nan ne hujjar Embiid ta 2023 take, ga wanda ke son kare ta da gaskiya. Maki 33.1 a wasa, jifa mai inganci, ga shi kuma shi ne ginshiƙin tsaron ƙungiyar da ta ci 54. A wajen tsare kwando ya fi Jokic, kuma wasa rabinsa tsaro ne. Jokic na da 24.5, 11.8 da 9.8, Denver ta zo ta ɗaya a yamma da 53. Mai adalci zai iya faɗawa ko wane ɓangare. Abin da bai kamata ya shiga lissafin ba shi ne wanda aka yi ta yayatawa a watannin ƙarshe: wai in Jokic ya ɗauka zai zama uku a jere, abin da rabon a gani tun Larry Bird daga 1984 zuwa 1986, alhali bai taɓa cin kofi ba, ko kuma wai Embiid ya zo na biyu sau biyu, lokacinsa ya yi. Wannan magana ta rage wa Embiid daraja fiye da yadda ta ƙara masa, domin ta ba masu suka damar cewa rabo aka yi, ba zaɓe ba. Kuma ba sabon abu ba ne. A 1997 Michael Jordan ya fi kowa maki, Chicago ta ci 69, aka ba Karl Malone na Utah mai 64, kuma mutane da yawa sun ɗauka gajiya da rubuta sunan Jordan ce. Kyautar kaka ba adashe ba ce da za a ce wannan karon ɗaukar wane ce. Wanda ya fi a bana shi ne na bana, ko karo na bakwai ne.

Su ma masu cewa nasarar Jokic a watan Yuni ta ƙaryata zaɓen Mayu, sun haɗa abin da ba a haɗa ba. Ana kaɗa ƙuri'a ne bayan wasanni 82, kafin a fara zagayen fitar da gwani. Wannan tsari yana jawo abin kunya jefi-jefi. A 2007 Dirk Nowitzki ya jagoranci Dallas ta ci 67, Golden State da ta zo ta takwas ta yi waje da su a zagayen farko, ya karɓi kyautarsa bayan an riga an kore shi. A 1995 aka miƙa wa David Robinson kofinsa a gaban Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ɗauka a 1994, sai Hakeem ya yi masa kaca-kaca a wasannin ƙarshe na shiyyar yamma. Duk da haka ban goyi bayan a jira sai an gama komai ba. In aka jira, kyautar za ta koma ta wanda ya ɗauki kofi kusan kowace shekara, wata shida na aiki su narke cikin mako biyu. Zagayen ƙarshe yana da nasa kyaututtukan: akwai gwarzon wasannin ƙarshe, akwai na kowace shiyya, wanda Pascal Siakam ɗan Duwala ya ɗauka na gabas a 2025 tare da Indiana.

Sai maganar da ta fi ta da mini hankali, dokar wasanni 65. Daga kakar 2023–24, wanda bai buga aƙalla 65 cikin 82 ba, galibinsu na minti 20 ko fiye, ba ya cikin masu neman MVP ko shiga jerin zaratan kaka. Manufar a bayyane take, kuma tana da kyau: ƙungiyoyi sun maida hutar da taurari al'ada, mutum ya sayi tikiti mai tsada ya je ya tarar da wanda ya zo gani yana zaune da kayan gida. Amma dubi abin da ya faru a shekarar farko. Embiid yana kan ganiyar da bai taɓa kaiwa ba, ranar 22 ga Janairu, 2024, ya zura wa San Antonio maki 70. Gwiwarsa na damunsa, ya fara rasa wasanni, aka fara ƙirga masa nawa suka rage, ana zarginsa da gudun haɗuwa da Jokic a Denver. Ranar 30 ga Janairu ya fita wasa da Golden State yana ɗingishi, wani ya faɗo masa a kan gwiwa, aka yi masa aiki. Ya gama kakar da wasa 39 da maki 34.7. Babu mai iya rantsuwa cewa dokar ce ta tura shi fili a daren, amma dokar da ke sa mai ciwo ya riƙa lissafin kwanaki maimakon sauraron likita tana da abin dubawa.

Kuma ba a buƙatar ta, in an rubuta tambayar daidai. Tambayar tana ƙirga jimillar abin da mutum ya ƙara a kaka, ba matsakaicin wasa guda ba. Wanda ya rasa wasa 20, a wasanni 20 ɗin nan bai ƙara komai ba, lissafi zai rage masa da kansa. Masu ƙuri'a ma dama suna yin haka. In ka cire kakunan da aka gajarta, da wuya ka samu wanda ya ɗauka da ƙasa da 65, sai irin Bill Walton a 1978 da wasa 58, kuma Portland ta ci 50 cikin 60 na farko kafin ya ji rauni. A bar mutane su auna. Babu hankali a ce mai wasa 65 ya cancanta, mai 64 kuwa ko sunansa ba za a rubuta ba.

Abin da ya ƙara dagula wannan shi ne kuɗi. A yarjejeniyar NBA da ƙungiyar 'yan wasa, wanda ya zama MVP, ko gwarzon tsaro, ko ya shiga jerin zaratan kaka, yana iya cancantar kwantiragi mafi girma, har kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashin ƙungiya. Ga matashi irin Tyrese Haliburton a 2024, shiga jerin ya kai bambancin kusan dala miliyan 40, kuma ya dawo wasa da ciwon cinya bai gama warkewa ba, ya fito fili ya soki dokar. Wato ƙuri'ar ɗan jarida ta zama mabuɗin taskar mutumin da zai je ya yi hira da shi gobe. Wannan nauyi ne da bai dace a ɗora wa mai rahoto ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A raba albashi da kyauta.

Wa ya kamata ya zaɓa? 'Yan jarida suna kallon wasanni da yawa, suna bin alƙaluma, amma sana'arsu labari ce, kuma labari mai daɗi yana jan hannu. 'Yan wasa sun san wanda ke hana su barci, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma suna haɗuwa da kowace ƙungiya sau biyu zuwa huɗu ne a kaka, ga abota, ga gaba, ga masu wakili ɗaya. Kociyoyi su ne ke kwana suna nazarin bidiyo don shirya yadda za a tare mutum, su ne suka fi ganin tsaro, sai dai su 30 ne kawai. Kowane rukuni na da makantarsa, kuma ba wuri ɗaya take ba. Saboda haka na fi gamsuwa da hanyar gasar EuroLeague ta Turai, inda ake haɗa ƙuri'un kociyoyi, kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyi, 'yan jarida da magoya baya, kason kociyoyi da kyaftin ya fi nauyi. Ni zan raba uku daidai tsakanin kociyoyi, wakilan 'yan wasa da 'yan jarida, da sharaɗin kada kowa ya zaɓi ɗan ƙungiyarsa. NBA ta riga tana amfani da wannan sharaɗi idan kociyoyi za su zaɓi 'yan benci na wasan taurari.

Magoya baya kuwa, a bar mu da wasan taurari. A 2011 an zaɓi Yao Ming cikin 'yan biyar ɗin farko alhali wasa biyar ya buga a kakar. A 2016 saura ƙiris Zaza Pachulia ɗan Jojiya ya shiga saboda ƙuri'un mutanen ƙasarsa, abin da ya sa daga 2017 aka rage kason masu kallo zuwa rabi. Mu ma da za a ba mu dama, Embiid ko Siakam za mu dangwala wa kowace shekara, kuma ba aibu ba ne, so ne. Sai dai so ba ya amsa tambayar da aka yi.

Abu biyu a tsarin NBA sun cancanci a riƙe su. Na farko, jera mutum biyar. Akwai masu kukan cewa a 1990 Charles Barkley ya samu ƙuri'ar farko 38, Magic Johnson 27, amma Magic ya ɗauka, kamar yadda a gasar mata ta WNBA a 2023 Alyssa Thomas ta samu 23, Breanna Stewart 20, Stewart ta ɗauka. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne. Wanda kusan kowa ya sa na ɗaya ko na biyu ya fi samun yardar jama'a a kan wanda wasu suka ɗaga sama, wasu suka jefa can ƙasa. Na biyu, wallafa takardar kowa da sunansa. Da wannan aka gano a 2023 cewa mutum ɗaya, Mark Jackson, bai sa Jokic ko a na biyar ba, ya fito ya ce kuskure ya yi ya ba da haƙuri. Zan ƙara da cewa kowane mai ƙuri'a ya rubuta layi uku ko huɗu na dalilinsa, a wallafa tare. Wanda ya san za a karanta hujjarsa zai yi tunani kafin ya ce ya gaji da sunan wane.

Gasarmu ta nahiya, BAL, wadda NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA suka fara a Kigali a watan Mayu na 2021, kuma ƙungiyar FAP ta Yawunde ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022, yanayinta daban ne. Ƙungiya na buga wasa biyar ko shida a rukuni, sai a shiga sili-ɗaya-ƙwale. Kaka mai gajarta haka ba za a iya raba ta gida biyu ba, dole a haɗa duka a auna. Hatsarin shi ne kyautar, mai ɗauke da sunan Hakeem Olajuwon, ta zama rakiyar kofi kawai. A shekaru ukun farko haka ta kasance: Walter Hodge da Zamalek, Michael Dixon da US Monastir, Nuni Omot da Al Ahly ta Masar. A 2024 aka ba Jo Lual-Acuil duk da ƙungiyarsa ta Libiya ta sha kashi a hannun Petro de Luanda a wasan ƙarshe, domin shi ya fi kowa maki, shi ne kuma gwarzon tsaro. Wannan zaɓe ya yi daidai da tambayar da na kawo, kuma zai fi kyau a rubuta ta a dokar gasar tun tana ƙuruciya, kafin al'ada ta kafu.

A gasannin cikin gida na Kamaru da Chadi, da waɗanda matasa ke shiryawa lokacin hutu a filayen makarantu, babu kwamfuta mai zurfin lissafi, kuma ba lallai sai da ita ba. Takardar wasa ta yau da kullum maki da laifuka take ɗauka, don haka mai yawan maki ne ke tafiya da kyauta. Mutum biyu a teburin alƙalai da biro sun isa su ƙara rubuta jifan da aka ɓarar, ƙwallon da aka cafke, wadda aka miƙa aka ci, wadda aka zubar, da makin allo duk lokacin da aka yi canji. A ƙarshen gasa a tara kociyoyi da kyaftin, a karanta musu tambayar da alƙaluman, kowa ya jera mutum uku ban da ɗan ƙungiyarsa, a ƙirga a gaban jama'a.